Faffaɗan Tayoyin Autanmu da Sawun Gonar Inna

Ƙanena, autanmu, ya dawo daga cin rani wata shekara da mota mai ƙofa biyu. Tun yana saurayi yake tafiya Abuja da zarar an ɗaure dammunan ƙarshe, kamar sauran mazan unguwarmu, ya dawo idan ruwan shuka ya kusa. Wasu kan dawo da buhunan taki, wasu da kwanon rufi, wasu su sayi sa. Shi kuwa da Allah ya buɗa masa, sai ya zo mana da wata jar aba wadda cikinta ya kusa lasar ƙasa, kujera biyu a gaba, bayanta ko ɗan akuya sai an lanƙwasa shi kafin ya shiga. Aikinsa a can wankin motoci ne wurin wani dillali, daga baya shi ma ya tsoma hannu a dillancin. Motar tsohuwa ce, ta girmi aurena, amma ta sha fenti, kuma idan ya taka ta takan yi gurnanin da ke watsa kajin maƙwabta. Ya ce motar tsere ce. Na tambaye shi da wa zai yi tseren a Matameye, ya ce ni malamar lakol ce, koyar da yara na sani, ban san mota ba.

Mahaifiyarmu, Inna, ta fito ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta shafa rufin da tafin hannu. Ta ce, "Allah ya sanya albarka. To, ina ake sa kaya?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, wannan ba ta kaya ba ce, ta gudu ce."

Inna ta koma kan tsintar wakenta. Ita duk abin da ba zai kai taki gona ba, bai dame ta ba. Tun rasuwar mahaifinmu gonar da ya bar mata a gabashin gari ce abokiyar hirarta. Ba don abinci take nomanta ba, mun ishe ta ci da sha. Amma da rani Inna tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, mai yawan kwanciya da mita, da damina kuwa sai ta zama wata mace daban, ta yi sammako, ta ɗaura ɗankwali, ta tafi ta wuni tana cire ciyawa da hannu tana faɗa da tsuntsaye. Duk gidan mun san gonar nan ce ke riƙe da ita.

Sai dai gonar ba ta taɓa hanya ta kowane gefe. Kafin ka isa gare ta sai ka ratsa gonar wani dattijo, tsaran mahaifinmu, wanda muke kira Baba. Kakansa ne ya ba kakanmu izinin wucewa, faɗin amalanken shanu guda, kuma wurin yana da sunansa: sawu. Tun muna yara, idan bakin ɗayanmu ya suɓuce ya ce "hanyar gona", Inna kan tare shi nan take ta ce "sawu". Hanya ta kowa ce, ba mai ikon rufe ta. Sawu aro ne, ƙasar ta mai gona ce, shi ya sa kowace shekara kafin ruwa ya sauka Inna kan ɗaure goro a bakin gyale ta je gidan Baba ta ce a bar mana sawu, shi kuma ya ce an bari. Akwai wata mafita ta burtali, inda shanu ke bi, amma zagaye ne mai nisa, kuma sai an gangara wani kwari da ruwa ke kwanciya cikinsa da damina. Saurayi ma sai ya yi gumi, balle gwiwar Inna.

Motar ta yi ƴan kwanakinta na sabunta. Yara suka bi ta da gudu, ƴan mata suka leƙa ta katanga, daga nan gari ya saba da ita. Sai kuma ranar kasuwa ta kafe a rairayi gaban masu tumatir, aka tura ta kamar kowace tsohuwar mota, mata suna dariya. Wannan ya ci wa autanmu rai. Ya kai maganar fada, wato majalisar samarin da ke shan shayi a bakin gudaro, titin kwalta, inda babu ilmin da ba a sani ba, daga na likita har na jirgin sama. Manyan masanan nan suka zauna suka yanke hukunci cewa laifin tayoyi ne, sun yi siriri. Wani a cikinsu, wanda ko keke bai mallaka ba, ya kawo hujjar da ta rufe bakin kowa: me ya sa raƙumi ba ya nutsewa a rairayi? Saboda faɗin ƙafarsa. Shi ke nan, an gama bincike.

Ya tafi Kano ya dawo da janti huɗu, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, masu ƙyalli har suna kashe ido, da tayoyi masu faɗi fiye da tafin hannuna biyu. Gefensu kuwa ba tsoka ko kaɗan, sai ka ce an shafa roba a kan ƙarfe. A ƙofar gidan Inna aka yi aikin, ƙarƙashin itacen bedi, don haka na ga komai da idona. Makanikin da ya kira abokin shayinsa ne, kuma zumuɗinsa ya fi na mai motar. Ya ɗaga ta da kirik, ya kwance tayar farko, ya ɗora sabuwar, sai ta ƙi juyawa, janti ya daki ƙarfen birki ta ciki.

Mai hankali a nan zai tsaya. Su kuwa sai suka ce ai ƙaramin abu ne. Aka je wurin mai walda ya yanko fayafayan ƙarfe masu kauri, ya huda su, aka cusa tsakanin janti da mazauninsa don a turo tayar waje. Kusoshin suka yi gajarta, aka nemo dogaye. Aka sauke motar, sai saman tayar ya dafe da leɓen jikin motar. Nan ma ƙaramin abu ne. Autanmu ya shiga gida ya ɗauko taɓaryar Inna, makaniki ya cusa ta tsakanin taya da leɓen, aka riƙa tura motar gaba da baya a hankali, taɓarya na murzawa tana buɗe ƙarfe. Fentin da ake taƙama da shi ya tsattsage yana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Na ce masa, "Kai yanzu gyara kake yi ko ɓarna?" Ya ce, "Yaya, a Abuja ma haka ake yi."

Da aka gama, motar ta buɗe ƙafafu kamar kwaɗo, kowace taya ta leƙo waje daga jikinta. Ƴan fada suka tafa. Aka fita gwaji, sai ga sabon abu: idan ya murɗa sitiyari har ƙarshe, tayar gaba ta ci jikin motar ta ciki, ta yi wata ƙara mai sa haƙora tsami. Makaniki ya ce maganin wannan mai sauƙi ne, kada ya riƙa murɗawa har ƙarshe. Autanmu ya gyaɗa kai ya ce dama motar tsere ba ta son kwana. Daga ranar, idan zai juya a lungunmu, sai ya yi gaba ya yi baya ya sake yin gaba, masu jakuna suna jiransa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa. Inna ta kira gayya don maimai, maƙwabta da ƴan fada suka amsa, suka yi sammako zuwa gona. Ni da Inna muka tsaya girki, tuwo da miyar kuɓewa da fura mai yawa. Amalanken maƙwabcinmu ne kan kai abincin gayya kowace shekara, Inna ta zauna a kai tare da kwanuka. Ran nan autanmu ya ce babu amalanken da zai kai abinci gonar uwarsa yana da mota a ƙofar gida.

Inna ta ce, "Auta, sawun ba zai ɗauke ta ba."

Ya ce, "Inna, na bi da ita kafin ruwa, lafiya lau. Yanzu ma da ta samu ƙafafu."

Gaskiya ne ya bi da ita, amma da siraran tayoyinta na asali, kuma lokacin gonaki fayau suke, babu ko tsinke. Abin da yake so, ni na sani, shi ne ƴan gayya su ɗaga kai daga noma su ga jar mota tana keto kore. Inna ba ta iya musu da auta, ba ta taɓa iyawa ba. Ta ce ita dai ba za ta iya durƙusawa ta shiga wannan ramin ba, za ta biyo mu a ƙafa a hankali. Ni aka cusa ciki, kwanon miya a cinya, fura tsakanin ƙafafu, tuwo a baya.

Sawun rami biyu ne da ƙafafun amalanke suka haƙa shekara da shekaru, da ɗan tudu mai ciyawa a tsakiya. Baba kuwa mutum ne mai ƙyashin ƙasa, yakan shuka geronsa har bakin ramin, ba ya barin ko taƙi. Muna shiga na ji wani sauti a ƙasa, ƙas-ƙas-ƙas, hagu da dama. Tayoyin sun fi ramin faɗi, kuma tazararsu ta fi ta amalanke, don haka sai suka hau gefe, daidai inda layin farko na geron Baba yake tsaye. Na waiwaya na ga gero kwance layi biyu a bayanmu.

Na ce, "Tsaya! Geron mutane kake takewa!"

Ya ce, "Yaya, in na tsaya ta kafe. Layi ɗaya ne, zai tashi."

A tsakiyar gonar akwai wani gawo inda sawun ya karya kwana sosai. Shanu sun san kwanar, ko ba a ja su ba suna yinta. Autanmu ya murɗa sitiyari, taya ta ci jikin mota ta yi kukanta, ya saki, motar ta miƙe sak cikin gero. Ya ja baya, ya sake gwadawa, ta sake shiga ta wani gefen. A na gaba tayoyin baya suka fara haƙa. Maimakon ya sassauta, sai ya taka ta da ƙarfinsa duka, ta yi gurnani, bayanta ya riƙa wulgawa hagu da dama yana share gero yana feshin rairayi, miyar kuɓewa ta kife mini a zane. Daga ƙarshe cikin motar ya zauna daram a ƙasa, faffaɗan tayoyin raƙumi suna juyawa a banza.

Ƴan gayya sun ɗaga kai sun gan shi, burinsa ya cika. Suka yar da hauyoyi suka taho a guje, wasu suna turi, wasu suna haƙa da hannu, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, duk ƙafafunsu cikin geron Baba. Kafin a fitar da motar, wurin ya zama fili kamar masussuka. Ana cikin haka Baba ya iso daga ɗaya gefen gonarsa da manyan ƴaƴansa biyu, hauya a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi ɓarnar.

Ya ce, "Kai, ɗan nan, mi na yi maka? Uwarka sawun amalanke ta roƙa, ba na wannan shaiɗaniyar ba."

Har a nan abin mai sauƙi ne. Ɓarnar gona ba baƙuwa ba ce a wurinmu, shanu na yi, awaki na yi. Akan kira dattawa su duba, a ba da haƙuri, mai gona ya yi faɗansa ya huce, sau da yawa ma ya yafe. Abin da ya rage wa autanmu shi ne ya cire hula ya durƙusa. Amma abokansa na tsaye, wayoyi na kallonsa, wani ma ya yi dariya da aka ce shaiɗaniya. Sai ya gyara tsayuwa, ya kaɗa makulli a yatsa.

Ya ce, "Baba, a bar ɗaga murya. Hanyarmu ce fa. Tun kakanni hanyarmu ce. Kai ne ka shuka gero a kan hanya."

Ban taɓa jin wuri mai mutane da yawa haka ya yi tsit ba. Har ƴan fada, duk da wautarsu, sun san abin da ya faɗa, don su ma ƴaƴan manoma ne. Baba ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ji ko? To, ku shaida." Ya saɓa hauyarsa ya tafi, ƴaƴansa na biye. A lokacin Inna ta ƙaraso tana dogara sanda, ta biyo layin geron da ke kwance tun daga baki. Ba ta ji maganar ba, sai da ta ga fuskokin mutane ta tambaye ni, na faɗa mata. Ta zauna a gindin gawon nan ta ce a raba wa mutane abin da ya rage na abinci.

Washegari na raka ta gidan Baba. Ya karɓe mu da mutunci, aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Inna ta yi ta ba da haƙuri. Ya ce gero ya yafe, ko zangarniya ɗaya ba ya so. Maganar ce ba ta yafuwa. An kira ƙasarsa hanya a gaban shaidu, ƴaƴansa sun ji, abin yana cikin wayoyin yara. In ya yi shiru, to ya yarda ke nan, gobe bayan ransa wani jikan Inna zai zo da kamiyo, babbar motar kaya, ya zuba jar ƙasa ya ce hanyarsu ce.

Inna ta ce, "Malam, yaro ne, bai san abin da yake faɗi ba."

Ya ce, "Yaron da ya sayi mota? To, ya zo gaban mai unguwa ya mayar da maganarsa."

Ba zan wanke Baba tas ba. Na daɗe da lura cewa yana kallon ɗan zirin nan da idon mai lissafin dammuna, kuma na tabbata a ransa ya ji daɗin samun dalili. Amma dalilin a hannu aka miƙa masa, kuma duk da haka ya bar ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ake nema.

Da ƙyar muka tura autanmu gaban mai unguwa. Ya je cikin farar shadda da tabarau, ya ajiye motar inda kowa zai gan ta. Ya ba da haƙuri kan geron, ya yi kyau, har na fara sauke numfashi daga inda muke zaune da mata a bayan zaure. Sai mai unguwa ya tambaye shi a fili, don jama'a su ji: wurin nan, sawu ne ko hanya? Autanmu ya yi ƴar dariyar nan tasa ta mutumin da ya ga birni, ya buɗe hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, sawu, hanya, duk ba ɗaya ba ne? Wurin wucewa ne dai."

Har yau idan na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci. Ba mugunta ba ce, da mugunta ce ma da na san yadda zan yi da ita. Wauta ce tsagwaronta, ta mutumin da aka haifa a gidan nan, aka gyara masa bakinsa kan wannan kalmar tun yana tsallaken kwata, ya je ya wanke motocin wasu ya dawo yana ganin maganar garinsu ƙauyanci ce. Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce saboda girman Inna za a wuce har a gama girbin bana.

Aka yi girbi, autanmu ya koma Abuja da motarsa. Kafin ya tafi ya yi wa Inna alkawarin zai saya mata wata gona a bakin gudaro, wadda mota za ta shiga har ciki. Inna ta ce Allah ya ba da iko. Ba gona take so ba, gonarta take so, inda ta san kowane tudu da kowane gidan tururuwa, amma ba ta faɗa masa ba. Yakan kira ta ta bidiyo a waya ya nuna mata tituna da fitilu, ya tambayi gwiwarta. Sawu kuwa bai ƙara ambatonsa ba, ni ma da na tayar da maganar sai ya ce ina son tone-tone.

Da bazara ta yi, Inna ta ɗaure goro a bakin gyale kamar kullum ta je gidan Baba. Ba ta same shi ba, ta bar saƙo wurin matarsa. Da yamma matar ta zo da kanta, ta gaishe ta, suka yi hirar zafi da tsadar hatsi, da za ta tafi ta ajiye ƙullin goron a gefen tabarma yadda aka kai shi. Inna ta gane, amma ta ce wataƙila in ruwa ya sauka zuciyarsa za ta yi sanyi.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Laraba. Da safe gari ya fashe, kowa da sungumi da ƙwaryar iri. Na zo gidan na tarar Inna ta riga ta shirya, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauko irin geron da ta zaɓa da hannunta daga manyan zangarniyun bara ta adana cikin tulu. Na karɓi ƙwaryar na riƙe mata, muka tafi a hankali. Da muka kai bakin sawun, ba mu same shi ba. An cike ramukan biyu, an baje tudun, ƴaƴan Baba sun riga sun sare wurin da sungumi sun binne iri, layi bayan layi, har gindin gawo. Ba ƙaya, ba shinge, shuka ce kawai, kuma Inna ba za ta taɓa taka shukar wani ba.

Ta ce mu gwada burtali. Muka bi shi tana tsayawa tana hutawa, har muka kai bakin kwarin. Ruwan jiya ya kwanta a ciki, gangaren kuma laka ce mai santsi. Ta sa sanda, ta sa ƙafa ɗaya, gwiwar ta ƙi. Daga inda muke ana hango kan itatuwan gonarta. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juya.

Muka koma gida. Ta zauna a bakin ɗakinta ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi. Na tambaye ta ko in ba ɗan maƙwabta irin ya je ya shuka mata, in ya so a riƙa kawo mata labari. Ta girgiza kai, ta turo mini ƙwaryar da ƙafa.

Ta ce, "Ki surfa shi, a yi mana fura."